Neman shawara: da wane jirgi zan fara, kuma da wane katako?

Ɗalibin Sassaƙa ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina koyar da aikin katako a wata makarantar koyon sana'a a Zariya, kuma na daɗe ina sha'awar ƙera ƙaramin samfurin ɗaya daga cikin tsofaffin jiragen ruwa masu filafilai, irin samfurin da ake bin ma'auni sau da ƙafa wajen yin sa, ta yadda kowane falanki da kowace igiya za su zauna daidai inda suke a jikin jirgin na gaske. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Victory, jirgin yaƙin Ingila da aka saka a ruwa a Chatham a 1765, wanda a kansa Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Ingila, ya jagoranci yaƙin Trafalgar a 1805, kuma har yau yana nan ajiye a Portsmouth. Na samu zanensa, na kuma yi niyyar yin sa a ma'aunin 1:72, wato kowace santimita ɗaya a hannuna ta tsaya a madadin santimita 72 a jikin jirgin.

Akwatunan da ake sayarwa a Turai, waɗanda ke zuwa da katakonsu a yanke, sun fi ƙarfin aljihuna, ga kuɗin dako a kai, saboda haka da katakon gida nake so in yi komai tun daga tushe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na fere siraran fallaye na maɗaci domin gwaji, amma da zarar na zo lanƙwasa su wajen goshin jirgin sai su tsage, waɗanda ba su tsage ba kuma sai su ƙi kwanciya, su riƙa hawa kan junansu. Shin laifin katakon ne, ko kuwa akwai wata dabara da ba a nuna ta a zane? Sannan wane icce ne a cikin namu zai iya maye gurbin waɗanda Turawa ke amfani da su, ya kuma jure wa bushewar hunturu ba tare da ya daddare ba? Idan kuma manya na ganin cewa Victory ya yi mini girma a matsayin aikin farko, ina roƙon a faɗa mini gaskiya. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Matuƙi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun da ka nemi gaskiya, ga ta: kada ka fara da Victory. Ba ƙwarewarka nake shakka ba, lissafin aikin ne ya sa na faɗi haka, kuma lissafi ne da kai ma za ka iya yi a takarda yau da dare. Tsawon benen igwoginsa ƙafa 186 ne, kusan mita 57, wanda a ma'aunin da ka zaɓa zai ba ka santimita 79, idan kuma aka haɗa da sandar da ke miƙe a goshinsa samfurin zai haura mita ɗaya da kyau. Yana ɗauke da igwogi 104 a ranar Trafalgar, kowace da keken da take zaune a kai da igiyoyin da ke riƙe ta. A 1780 an lulluɓe cikinsa da fallayen jan ƙarfe 3,923 domin kare shi daga tsutsar teku mai cin katako, kuma a wurinka kowane falle zai koma milimita 17 a tsaye, 5 a kwance, kowanne da hannu za ka manna shi. Igiyoyinsa kuwa sun kai kimanin kilomita 40, wato sama da mita 500 na zare a samfurinka, mafi yawansu gajerun guntaye ne da za a ɗaura ɗaya bayan ɗaya. Na ga ƙwararrun masassaƙa da suka gama gangar jikin jirgin, suka iso kan igiyoyi, ƙarfinsu ya ƙare, aikin ya tafi saman kabad ya zauna.

Akwai kuma wata matsalar da masu farawa ba su cika lura da ita ba, wato cewa Victory ba kama ɗaya ya yi duk rayuwarsa ba. Wanda Thomas Slade ya zana yana da buɗaɗɗun baranda a ƙeyarsa, amma a babban gyaran da aka yi masa tsakanin 1800 da 1803 an rufe su da tagogi. Ko launinsa ma an sake shi a 2015, bayan binciken tsofaffin fentin da ke jikinsa ya nuna cewa ruwan ɗorawar da aka saba gani ya fi na zamanin Nelson kauri. Dole ne ka tsayar da shekarar da kake kwaikwaya kafin ka ɗauki zarto, ka kuma tabbata zanen da ke hannunka na wannan shekarar ne.

Shawarata ita ce ka fara da kwalekwalen jirgin Bounty, wanda 'yan tawaye suka jefa Kyaftin Bligh da mutum 18 a cikinsa a 1789, ya kuma kai su tsibirin Timor bayan tafiyar fiye da kilomita 6,000. Tsawonsa ƙafa 23 ne kawai, kusan mita 7, a ma'aunin 1:16 zai zo maka santimita 44. A buɗe yake, ana ganin haƙarƙarinsa, saboda haka babu inda za ka ɓoye aikin da bai yi kyau ba, kuma duk abin da hannunka ya koya a kansa shi za ka ɗauka zuwa babban jirgi.

Batun hawan fallaye kan juna kuwa, wannan ba laifin maɗaci ba ne. Cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, amma adadin fallayen da suka rufe cikin su ne za su isa goshin, don haka dole kowanne ya tsuke yayin da yake tafiya gaba. Ka yanki siririyar takarda, ka kwantar da ita a gefen kowane allon haƙarƙari tun daga ƙashin bayan jirgin har zuwa baki, ka yi alama, ka auna. Idan allon tsakiya ya ba ka milimita 100, fallenka kuma milimita 5 ne, kana bukatar fallaye 20. Idan allon da ke kusa da goshi ya ba ka milimita 60, kowane falle zai koma milimita 3 a daidai wurin. Ka rubuta waɗannan alamomi da fensir a gefen allunan, ka fere gefe ɗaya kawai na fallen, wato na sama, ka bar na ƙasa a miƙe. Ƙa'idar maƙeran jirage ita ce falanki ba ya tsukewa ƙasa da rabin faɗinsa, kuma ba ya ƙarewa da tsini, domin tsini ba ya riƙe ƙusa. Inda lissafi ya nuna zai wuce haka, sai a tsayar da falanki biyu a haɗe su cikin ɗaya. A wajen ƙeya kuma, inda jikin ke buɗewa, sai a cusa ƙarin gajere a tsakani.

Kafin duk wannan, ka goge gefunan allunan da samfefa har su karkata su bi lanƙwasar jirgin, ta yadda falle zai kwanta a kan dukan kaurin allon maimakon ya tsaya a kan kaifinsa. Sannan in ka manna ɗaya a dama, ka manna ɗan'uwansa a hagu kafin ka ci gaba, in ba haka ba gam zai ja ƙashin bayan ya karkace, kuma karkataccen jirgi ba ya gyaruwa.

Mai Zarto ya rubuta:

Malam, Baba Matuƙi ya gama magana a kan tsari, ni a kan icce zan tsaya, tun da shi ne abincina. Maɗaci icce ne mai kyau a ƙofa da kujera, amma yana da aibi biyu a irin wannan aiki. Na farko, zarensa a sarƙe yake, wani ya yi dama wani ya yi hagu, shi ya sa siririn falle ke tsagewa da an matsa masa. Na biyu, ƙofofin jikinsa manya ne. Kai kana iya rage tsawon falanki sau 72, amma ba ka iya rage ƙofofin iccen, saboda haka ramin da ido ba ya kula da shi a jikin tebur zai fito a jikin samfuri tamkar wanda yatsa zai shiga. Dalilin ke nan da ya sa maƙeran samfuran rundunar ruwan Ingila na ƙarni na 17 da na 18, waɗanda da yawa daga cikin ayyukansu ke gidan tarihin Greenwich, suka riƙa neman itatuwa masu laushin zare da matsattsen jiki, akasari na 'ya'yan itace da na ƙananan bishiyoyi masu jinkirin girma.

A cikin namu, wanda na fi amincewa da shi shi ne aduwa. Duk wanda ya riƙe allon karatu da aka sassaƙa da ita ya san yadda fuskarta ke yin sumul, launinta fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa, kuma wuƙa na barin kaifi mai tsabta a jikinta. Iccen lemo da na gwaba su ma suna da matsattsen jiki, sun dace da ƙananan abubuwa irin su dunƙulen da igiyoyi ke bi ta cikinsu da kekunan igwa. Wurin da ake son baƙi, kamar kauraran falankan da ke zagaye ƙugun jirgi, zuciyar tsohuwar kanya na bayar da duhu mai kyau idan an dace. Domin shimfiɗar farko da za a rufe daga baya, ka nemi obece a 'yan katako. Yana da taushi, yana lanƙwasuwa ba gardama, kuma abin da zai ba ka sha'awa shi ne cewa obece da safele, waɗanda Turawa ke zubawa a cikin akwatunan da ka ce sun yi tsada, daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ake kai musu. Safele ma sunan garin Sapele na jihar Delta ya ɗauka. Sai dai obece abincin ƙwari ne, ka duba kada ka sayi wanda ke zubar da gari.

Wajen lanƙwasawa, ruwa kaɗai ba ya isa, zafi ne ke sa icce ya saki jiki. Ka jiƙa fallen a ruwan ɗumi, ka kwantar da shi a kan gwangwani ko bututun ƙarfe, ka bi shi da dutsen guga a hankali kana juyawa. In ya ɗauki siffar, ka maƙale shi a jikin jirgin da allurar tela ba tare da gam ba, ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka cire ka manna. Falle mai danshi da aka manna zai tsuke bayan ya bushe, ya bar maka tsaga. Farin gam na kafintoci ya wadatar; sufa gulu yana shiga jikin icce ya bar tabo da fenti ba ya rufewa, ga shi yana karyewa idan katako ya motsa.

Hunturu kuwa, maganinsa shi ne ka yi aiki da shi. Icce a faɗinsa yake tsukewa da kumbura, tsawonsa ba ya sakewa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ka yanka fallayenka, ka jera su a ɗakin da za ka yi aikin da 'yan tsinke a tsakaninsu domin iska ta ratsa, su sha hunturu guda cikakke. Ka rufe jikin jirgin a lokacin rani, sa'ad da iccen ya kai ƙarshen tsukewarsa, domin in damina ta zo kumburin zai ƙara matse haɗin ne. Wanda ya manna a watan Agusta shi ne zai ga layukan haske a tsakanin fallaye a watan Janairu. In an gama, akwatin gilashi wajibi ne, saboda ƙurar da ta shiga tsakanin igiyoyi ba ta fita sai da ɓarna.

Malamar Tarihi ta rubuta:

Ina neman afuwar Baba, na yarda da shi cewa Victory ya jira, amma ina da wani jirgin da nake ganin ya fi kwalekwalen Bounty dacewa da Malam. A 1998 masunta suka ci karo da wani nutsattsen jirgi kusa da tsibirin Belitung na Indunusiya, ɗauke da tangaran kusan 60,000 na ƙasar Sin na zamanin daular Tang, kuma a jikin wani kwano an samu kwanan wata da ya yi daidai da shekara ta 826. Jirgin ƙirar yammacin tekun Indiya ne, tsawonsa kimanin mita 18, kuma babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. An huda gefunan falankansa, an ɗinke su da igiya a kan ƙunshin zare da aka shimfiɗa bisa haɗin, kamar yadda gyartai ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Gwajin da aka yi wa katakonsa ya nuna cewa da iccen kawo aka yi falankan, wannan kawon da muka sani a dazukanmu.

Daga baya ƙasar Oman ta sake ƙera irinsa a Qantab kusa da Maskat, da kawon da aka kawo daga Ghana da igiyar ɓawon kwakwa, aka sa masa suna Jewel of Muscat. Ya tashi a watan Fabrairu na 2010, ya ratsa ta Indiya da Sri Lanka da Malesiya da ƙarfin iska, ya isa Singafo a farkon Yuli, inda aka miƙa shi kyauta daga Sarki Ƙabus. An ɗauki hotunan aikin mataki-mataki, saboda haka mai son kwaikwayo yana da abin dubawa. Waɗannan ɗinkakkun jirage ba baƙi ba ne a tarihin Musulmi. Ibn Jubair ya hau irinsu a 1183 daga Aizab, wata tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya, zuwa Jidda a kan hanyarsa ta hajji, ya kuma bayyana yadda ake ɗinka su da igiyar kwakwa, ana shayar da katakonsu da mai, wanda ya fi kyau a ciki shi ne man kifin shak. Akwai kuma hoton irin wannan jirgi, ɗinkinsa a fili, a cikin kwafin Maƙamatul Hariri da al-Wasiɗi ya ƙawata da zane a 1237, wanda ke ajiye a birnin Paris na Faransa.

Abin da nake so Malam ya riƙe shi ne bambancin abin da aka gani da abin da aka kintata. Ƙasan jirgin Belitung ne yashi ya adana, shi aka auna. Jigunansa da filafilansa da abin da ke sama duk teku ta cinye, masana ne suka cike gurbin da hujjojin da suka tattaro daga tsofaffin zane da rubuce-rubuce da jiragen gargajiya na yankin. Idan ka bi Jewel of Muscat, ka rubuta a jikin mazaunin samfurinka cewa shi ka kwaikwaya, kada ɗalibanka su ɗauka cewa haka aka tsinci na ƙarni na 9 ɗungurungum. A ma'aunin 1:24 zai zo maka santimita 75, ba igwa, ba jan ƙarfe, igiyoyin sama kaɗan ne, duk wahalar ta taru a wuri ɗaya, wato ɗinkin.

Ɗalibin Sassaƙa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na ajiye Victory zuwa wani lokaci, kuma maganar Malama ta ja hankalina matuƙa, musamman da yake ɗalibaina za su ga cewa iccen da ke bayan garinsu ya taɓa ratsa teku zuwa Sin. Sai dai na karanta cewa a irin wannan ƙira falankan ake fara haɗawa, daga baya a saka haƙarƙari a ciki, akasin yadda Baba ya bayyana. To a kan me zan kwantar da fallayen kafin su riƙe kansu? Kuma shin da kawon zan yi, tun da shi ne na asali?

Mai Zarto ya rubuta:

Malam, kawo icce ne mai nauyi da tauri wanda ba ya yawan motsi tsakanin rani da damina, wannan alheri ne a gare ka. Amma ƙofofinsa manya ne kamar na maɗaci, kuma siririn fallensa zai fashe idan aka jera masa huda kusa da baki. Ka yi ƙashin bayan jirgin da sandar goshi da ta ƙeya da mazaunin da kawo, falankan kuma ka yi su da aduwa, ka ɗan rina ta da ruwan shayi mai kauri har ta kusanci jan launin kawo.

Tsohon Matuƙi ya rubuta:

Malama ta kawo zaɓi mai kyau, ba ni da ja a kai, illa dai in ce aikin huda ba ƙarami ba ne. Ƙanena, abin da ka karanta daidai ne. Ka fara sassaƙa dunƙulen obece mai siffar cikin jirgin, ka raba shi gida uku a tsaye ta yadda za ka iya zare na tsakiya sauran biyun su saki, ka shafe shi da kakin zuma domin kada gam ya kama shi. A kife za ka yi aikin, ƙashin baya a sama. Lissafin takardar nan da na bayyana yana nan daram, a jikin dunƙulen za ka yi alamomin maimakon a gefen alluna.

Kaurin falankan Belitung kimanin santimita 4 ne, tazarar hudar kuma santimita 5 zuwa 6, wanda a 1:24 zai ba ka falle mai kaurin da bai kai milimita 2 ba, da huda a kowace milimita 2 zuwa 2.5. Ido ba zai iya riƙe wannan tazara ba. Ka samu guntun gwangwani ka huda shi a jere sau ɗaya da kyau, ya zama ma'auninka, ka riƙa ɗora shi a gefen kowane falle kana hudawa da allurar da ka fere bakinta ka dasa a ƙotar icce, kana murzawa da yatsu maimakon dannawa. Ka huda falle bayan ka lanƙwasa shi ya bushe, kafin ka manna. Ka haɗa gefe da gefe da gam kaɗan, ka bi ramukan da allura tun gam bai toshe su ba, in jikin ya cika ka zare dunƙulen, sannan ka yi ɗinkin daga ciki da waje da zaren auduga ruwan ƙasa da ka ratsa ta cikin kaki, da zare mai ɗan kauri kwance a kan haɗin a madadin ƙunshin. Kada ka yi amfani da zaren roba na tela, yana ƙyalli kuma ƙullinsa na kwancewa. Haƙarƙarin su ne na ƙarshe, ka fere kowanne ya zauna a wurinsa, ka yi masa 'yan gurabe a ƙasa inda zai tsallake layukan ɗinkin. Kafin ka taɓa jirgin, ka ɗinka fallaye uku a miƙe ka ɗora mana hotonsu a nan mu duba tazarar da kaurin zaren.